Igiyar Inna a Bakin Famfo

Tun kafin rana ta hau kan farantan sola, kafin injin ya yi tarinsa na farko ya fara tura ruwa cikin tanki, Inna ta riga ta iso bakin famfo. Tagar ɗakina tana kallon wurin, don haka ba labari aka ba ni ba. Za ka hango ta tafe tana ɗan ɗingishi, igiya naɗe a kafaɗa. Sai ta ɗaure bakin igiyar a jikin ƙarfen da ke ɗauke da tanki, ta ja ta gwada ƙullin, sannan ta fara karɓar jarkokin mata tana zura igiyar ta cikin hannuwansu. Jarkar da aka zura ta shiga layi ke nan, babu mai tsallake ta, komai tsawon harshensa. Idan ruwa ya zo, sai ta dawo kan layi tana kwancewa tana sakin jarka biyu biyu, ta koma wutsiya ta zura na waɗanda suka makara. Haka take yini tana kai da komo, tana faɗa da mai wasa da ruwa, tana tsokanar amaren da barci ya kwashe, har inuwar tanki ta miƙe injin ya yi shiru.

Wanda bai san unguwarmu ba zai ce wannan ai ba aiki ba ne da za a ɓata tawada a kansa. To bari in koma baya kaɗan.

Inna ba 'yar nan ba ce. Kogin yankinsu ne ya yi ta janyewa shekara bayan shekara, har gonaki da garken shanu suka haɗu a kan tafki ɗaya da ya rage. Daga cacar baki aka koma sanda, daga sanda aka koma abin da ya fi sanda. Waɗanda suka tsira suka iso mana da tabarmi da tukwane, aka sauke su a filin bayan makarantar da nake koyarwa, wurin ya zama sansani. Wata ƙungiyar agaji ta zo ta haƙa musu rijiyar burtsatse, ta kafa tanki da sola. Masu ba da tallafin da sunan 'yan gudun hijira suka bayar, don haka a ƙa'ida ruwan na 'yan sansani ne kawai. Da fari babu wanda ya damu, muna da rijiyoyinmu. Amma damina ta fara yi mana rowa mu ma, guga ya koma fitowa da laka. Matanmu suna kallon tanki yana tumbatsa a filin kakanninsu, ana ce musu ba nasu ba ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Wata safiya aka kaure a bakin famfo, aka farfasa jarkoki, aka fasa wa matar mai faci goshi, wani mai zafin kai kuma ya sare bututu. Jami'in ƙungiyar ya zo ya tara mu. Matashi ne mai kirki, gajiya duk ta bayyana a idonsa. Ya ce: "Iyayena, ba zan ɓoye muku ba. Masu ba mu tallafi ba sa son jin labarin rikici a inda suka sa hannu. In aka sake zubar da jini a nan, za a ce in kwance injin nan da farantan in kai wani sansanin. Wuraren da ke jira suna da yawa, kuma ba ni da ikon hanawa."

Mu maza muka yi ta taro a gindin bishiya, kamar yadda muka saba. Aka ce a yi layi biyu, sai layukan suka koma kamar runduna biyu suna harare-harare. Aka ce safiya ta 'yan sansani, yamma ta 'yan gari, ashe injin sola da yamma ba ya da kuzari, sai matanmu suka ce an ba su ragowa. Kowace shawara da tata sabuwar rigimar. Ana cikin haka Inna ta kwance igiyar shanyarta ta fito da ita, ba ta nemi izinin kowa ba.

Matar mai faci ce ta ba ni labarin ranar farko, tana yi tana dariya tana shafa tabon goshinta. Ta ce: "Malam, na miƙa mata jarkata, sai ta ce, 'Ina abokiyarki?' Na ce, 'Wace abokiya kuma, Inna?' Ta ce, 'Ba na zura jarka ita kaɗai. Ɗaya ta gari, ɗaya ta sansani, tare za su shiga, tare za su fita. Je ki nemo taki.' Ni da aka fasa wa kai! Na koma gefe ina huci, na ce yau ko za mu kwana da ƙishi ba zan roƙi kowa ba. Rana ta take, yara na gida babu ko na wanke ido. Can sai ga wata 'yar siririya da goyo, ita ma an koro ta ta nemo 'yar gari. Muka kalli juna. Wallahi ko gaisawa ba mu yi ba, muka miƙa jarkokin muka kau da kai."

Na ce, "Yanzu fa?"

Ta ce, "Yanzu? Da aka kwantar da ni a asibiti bara, wa kake zaton ya riƙe mini gida?"

Dabarar ke nan, ba ta fi haka ba. Macen da ke son ruwa da wuri dole ta san ƙofar wata a ɗaya ɓangaren, ta san lokacin tashinta, ta san ranar da ba ta da lafiya. Ba a jima ba muka fara jin kira da sassafe ta kan katanga: "Abokiyar igiya, fito mana, kin sa za mu zama na ƙarshe!" Wadda ka tsaya da ita kullum a rana kuna zagin injin tare, da wuya ka ɗaga mata hannu.

Da jami'in ya ga jarkokin 'yan gari a layi sai hankalinsa ya tashi. Ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Inna, a ƙa'ida fa ruwan nan na 'yan sansani ne. Me zan ce wa na sama da ni?" Ta ce, "Ɗana, ka ce musu 'yan sansani suna shan ruwa lafiya, ba mai jifansu. Ƙarya ka yi?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Allah ya saka masa, shi ya koma ofishinsu ya yi ta fama da su har suka yarda ruwan ya zama na kowa.

Inna, ke ce baƙuwar da ta koya wa masu gida zaman gidansu. Ba ki da hula mai tambarin ƙungiya, ba a taɓa sa ki a gaban na'urar ɗaukar hoto ba. In manyan baƙi suka zo da fararen motocinsu, tanki suke ɗauka da farantan sola, ke kuwa a ce ki ɗan matsa gefe kada igiyarki ta ɓata hoton. Sai ki matsa ki ci gaba da zura jarkoki. Ni ne dai abin yake ci wa rai daga tagata, kuma har yau yana ci.

Amma ranar da ta sa na ɗauki alƙalami daban ce. A tsakiyar bazara ne, ruwan ƙasa ya ja baya, famfo yana zuba kamar ana roƙonsa. Sai ga wasu mata sun ɓullo daga bayan gari da jarkokinsu, wata doguwa a gaba tana jan jaki. Matan makiyaya ne. Su ma rikicin ya cinye musu dabbobi ya koro su, sun yada zango a can nesa, rafin da suke sha ya ƙafe. A ranar ne na fara ganin 'yan gari da 'yan sansani sun zama baki ɗaya, amma a kan mugun abu. Aka yi ca a kansu. Wasu suka sunkuya suna tsintar duwatsu. Kowa ya san gargaɗin jami'i yana nan bai tashi ba: dutse ɗaya ya sami kan mutum, injin ya tafi. Kowa kuma ya san cewa a bakin wancan tafki, a rikicin mutanenta da makiyaya, aka kashe autan Inna, ɗa namiji ɗaya da take da shi.

Mai gyaran famfo yana saman tanki yana ɗaure wani bututu, shi ya ga komai daga sama. Ya ce Inna ta ratsa mutane ta tsaya a gaban mai jakin, ta dube ta tun daga kai har ƙafa, ta dubi yaran da ke maƙale da zanenta, leɓunansu duk sun tsage. Sannan ta karɓi jarkarta ta juyo.

Ta ce, "Kun san dokata. Ba na zura jarka ita kaɗai. Wa za ta zama abokiyar wannan?"

Sai ƙanwar mijin Inna, wadda suka yi gudun hijira tare, ta fashe da kuka ta ce, "Haba Yaya! Kin manta Auta ne?"

Inna ta ce, "Ni zan manta? Ni na rufe masa ido. Amma ki tuna daga ina aka fara. Ruwa aka hana juna, har aka kai ga ɗana. Ba za a sake farawa a kan igiyata ba."

Ta je ta ɗauko tata jarkar, ta zura ta, ta zura ta mai jakin a jikinta. Babu wanda ya motsa. Can sai matar mai faci ta ja tsaki, ta yar da dutsen da ke hannunta, ta ce wa ta biyu a cikin matan makiyayan, "Ke, kawo taki nan, kada ki tsaya kina kallona, rana na yi." Daga nan sauran suka bi, wasu suna gunaguni, wasu ko kallon abokan nasu ba sa yi. Aka sha ruwa a ranar, kaɗan kaɗan, amma kowa ya samu.

Mai gyaran famfo ya ce da layi ya daidaita, Inna ta zagaya bayan tanki inda take zaton ba mai ganinta, ta dafa ƙarfe ta yi kuka mai isarta. Shi kuma ya lafe a sama bai ko motsa ba, har ƙafarsa ta yi sanyi, don kada ta san an gani.

Daga baya na tambaye ta ko ta taɓa bincikar ko dangin matar nan suna cikin waɗanda suka zo tafkin a ranar. Ta girgiza kai ta ce, "Malam, ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba. In na tambaya, ko dai ta yi mini ƙarya, ko ta faɗa mini abin da zai hana hannuna zura igiya. Ni kuwa gobe ma akwai layi."

Injin bai tafi ba. Da ƙungiyar ta gama wa'adinta ta tattara ta koma inda sabuwar wuta ta tashi, ta bar mana famfon a hannunmu, yana nan yana aiki. Inna ce dai ƙarfi ya ƙare mata. Sanyin ƙashi ya kama yatsunta, ba ta iya ƙulli, gwiwoyin ma sun ƙi kai da komo. A makon jiya ta miƙa igiyar ga mata uku, ɗaya ta gari, ɗaya ta sansani, ɗaya ta makiyaya, bayan ta gama yi musu faɗan cewa ƙullinsu na ragwaye ne.

Na je gaishe ta shekaranjiya da hantsi. Ɗakinta ɗaya ne, tabarma da 'yar katifa da randa a lungu. Muna cikin gaisawa sai na ji takun jaki a ƙofa. Mai jakin ce ta yi sallama, ta shigo da jarka, ta tuttula a randa. Ashe tun ranar da Inna ta daina fita, kullum ita ke kawo mata, babu wanda ya sa ta. Inna ta leƙa ta ce, "Ke dai ba kya jin magana. Na ce rabi ya ishe ni, ga shi kin cika har yana zuba. Ruwan ubanki ne?" Matar ta yi murmushi ta ce, "Na uwata ne." Ta ɗebo a kofi ta durƙusa ta riƙe mata, don yatsun ba sa iya riƙewa, Inna ta sha.

Na yi musu sallama na fito.

Inna, mun gode. Mun gode a madadin yaran da suka girma ba su san an taɓa fasa kai a bakin famfon nan ba, da matan da suka sami 'yan'uwa a inda suka zaci abokan gaba ne. Allah ya ba ki lafiya, ya jiƙan Auta, ya sanyaya miki zuciya kamar yadda kika sanyaya mana unguwa. Ku kuma masu karatu, na san a wurare da yawa ruwa yana ja baya, mutane suna matsowa kusa da juna da ƙishi da tsohon ciwo. Ba kowa ne zai iya haƙa rijiya ba, wannan sai masu hali. Amma in rana ta zo aka tsaya cirko-cirko, aka ce wa zai tsaya da wannan baƙon, kada ku jira taron gindin bishiya. Ku fara miƙa taku jarkar.