Na Fake da Shari'a, Gwiwata Ta Sandare

A shekarun da Shari'a ta shigo jiharmu, ni dattijo ne a gemu, yaro a hali. Sana'ata dakon jarkokin mai a kan babur daga Jibiya zuwa Maraɗi ta bayan gari, inda kwastan ba su cika leƙawa ba. Karatuna bai wuce yaƙi da jahilci ba, don haka in kun ga rubutun ya karkace, haka mai shi yake. Wannan dakon ne ya cinye mini gwiwar dama, har ɗiyana suka kai ni asibiti aka cire ta, aka sa mini ta ƙarfe.

Kafin a sallame ni, ma'aikacin gashin ƙashi ya koya mana wani motsa jiki wai shi Filatis, ni da mai ɗakina, don ya lura ita ce mai hankalin gidan. Ka kwanta rigingine a tabarma, ka ɗaure ciki, ka ja numfashi, ka jawo diddige sannu a hankali, sannan ka ɗaga ƙugu sama. Ya ja mana kunne cewa in ba a yi da wuri ba, naman wurin zai daskare, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Na amsa masa da baki kawai.

Da muka iso gida na gwada, na ji kamar ana soka mini basilla. Ga kuma kunya, babban mutum kwance tsakar gida yana karkaɗa ƙugu, awaki na kallo. Sai na nemo dabara. Lokacin an hana kiɗa da rawa a gari, sai na shaida wa mai ɗakina cewa wannan abu rawar Turawa ce aka kwantar da ita, ni kuwa ba a saɓa wa Shari'a a gidana. Ta dube ni sheƙeƙe, ta tambaye ni ko jarkokin da nake tsallakawa da su liman ne ya sa musu albarka. Na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Haka na yi ta zille mata, har Juma'ar da na fara komawa masallaci. Ruku'u ya tafi lafiya. Da aka zo sujada, ƙafar ta ce ba da ita ba, ta miƙe kamar taɓarya, na kife a bayan na gabana. Sai tallabe ni aka yi, aka kawo mini kujera. A kanta na yi hawaye, don ban taɓa zaton goshina zai yi kewar ƙasa ba.

Na dawo gida ina jiran gori, mai ɗakina ba ta yi ba. Ta kora awaki, ta sa wa ƙofa sakata, ta shimfiɗa tabarmi biyu, ta kwanta a ɗaya duk da ciwon bayan da take fama da shi. Ta ce in dai rawa ce mu yi ta tare, in bulala ta zo a raba mana. Tana jan numfashi ina bi, in na yi raki ta ce jandarmomin Nijar ma ba su sa ni kuka haka ba. Kullum da hantsi muna nan. Ƙarfi ya dawo, na ajiye sanda, ina zuwa masallaci da ƙafata. Amma likita ya ce na makara, gwiwar ba za ta naɗu yadda nake so ba. Har yau a kujera nake sujada.

Na gane wanda ya yi wa mai jinyarsa wayo, kansa ya yi wa. Ku da aka yi wa irin aikin nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ku daure wa zafin farko. Kada kuma ku jawo addini ku lulluɓe ragwantarku da shi. Ni da na yi, sujadar da na fi so ita na biya da ita. In Allah ya ba ku mai kwanciya a tabarma saboda ku, ku ji maganarta tun ranar farko.