Baba da Bindigar Yarinya

Shekarun baya kaɗan, ina zaune a unguwar Malaz ta birnin Riyadh ina aikin kwamfuta a wani kamfani a unguwar Ulaya, na ɗauko mahaifina daga gida aka yi masa aiki a kafaɗar dama. Daga kan babur ya faɗo, ƙashin ya haɗe a karkace. Aiki ya yi kyau, likita ya ce saura gashin ƙashi da motsa hannu, in ba haka ba kafaɗar za ta sandare har abada. Nan fa aka yi ta. Baba ya ce shi ba zai je wani ƙato ya riƙa murɗa masa hannu kamar mai matse wanki ba.

Mahaifina maharbi ne, ɗan maharbi. A garinmu in ya saɓa bindigarsa ta toka, har bakin rafi yara suke raka shi. Ni kuwa ɗansa na fari ko ƙadangare ban taɓa kashewa ba, kyankyaso ma sai na kira matata. Abin da ya karya masa zuciya shi ne likita ya faɗa masa gaskiya, cewa kafaɗar nan ba za ta ƙara jure dukan gindin babbar bindiga ba. Tun ranar ya tare a bakin taga yana kallon motoci. Na lallaba, na yi fushi, na haɗa shi da mahaifiyata a waya, duk a banza.

"In gasa hannun in yi me da shi?" in ji shi. "Cokali dai yana ɗaguwa. Ka rabu da ni."

Bizarsa ta kusa ƙarewa, hannun kuma kullum ƙara ƙagewa yake. Gaskiya na tsorata.

Akwai wani abokin aikina Balarabe, ɗan garin, mai gona a wajen Riyadh. Da ya ji labari sai ya ce in kawo tsohon ranar Juma'a ya sha iska. Zomayen daji sun addabi ciyawar tumakinsa, lokacin farauta ne, kuma yana da lasisi. Da ƙyar Baba ya shiga mota, shi ma don an ce zomo ne.

Bayan gahawa da dabino, abokina ya shiga ɗaki ya fito da bindiga. Ba tasa ba, ta 'yarsa ce, yarinyar da ko firamare ba ta gama ba. 'Yar gajeruwa, ba nauyi, harsashinta kamar ƙwayar gyaɗa, ɗai-ɗai ake sa mata, kuma a aljihun uban suke zama. Gindinta ruwan hoda ne, har da hoton fure an manna. Baba ya juya ta, ya sake juya ta.

"Tambaye shi, ruwa ake ɗura mata ko batir?"

Na juya na gaya wa abokina cewa Baba ya ce Masha Allah.

Yarinyar ta ɗora gwangwani a gindin tudun yashi, ta dawo, ta saita. Tas! Gwangwani ya yi tsalle. Sai na ga Baba ya gyara zama. "Miƙo min abar nan."

To, ga inda matsalar take. Bindigar toka tana tofo wuta da hayaƙi ta baya, wani lokacin ma ta fashe. Saboda haka duk maharbin garinmu in ya gama saiti, sai ya kawar da fuska gefe sannan ya ja kunama. Harsashin kuma tarin ƙananan ƙarafa ne da ke watsuwa, ko ba ka duba ba wani zai samu. Haka Baba ya yi tun yana saurayi, haka ya yi ranar. Ya kawar da kai, ya harba, yashi ya tashi can gefe. Aka sake sa masa, ya sake. Gwangwani na nan tsaye abinsa.

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, uban ya daka mata tsawa. Na dubi fuskar Baba. Na ce a raina na kawo tsoho har ƙasar mutane na kunyata shi. Na ce, "Baba, sanyi ya fara, mu kama hanya." Ko kallona bai yi ba.

Sai ga ta ta matso, dariyar ta tafi. Ta yi magana da Larabci, na fassara: "Kaka, me ya sa kake juya mata ƙeya? Ba ta cizo." Ta sa ɗan hannunta ta kwantar da kumatunsa a kan gindin bindigar, tana cewa, "Shuf, shuf," wato ya duba.

"Gaya mata in idona ya tafi, nata zan cire," in ji Baba. Ya ja kunama. Gwangwani ya wuntsila. Ba hayaƙi, ba duka. Ya shafa kafaɗarsa, ya dube ni. "Au, shi ke nan? Ba ta naushi?"

Daga nan gonar ta koma hannunsa. Bayan la'asar ya bi gefen ciyawa yana duba sawu da kashin zomo, ya zaunar da mu inda iska ba za ta kai warinmu ba. Abokina kuwa can baya ya kora shi, wai turarensa ko zomo mai mura zai ji. Muka yi tsit. Can sai ga wani ƙaton zomo ya fito yana motsa kunne. Baba ya manna kumatu, ido a buɗe, ya yi bisimilla. Tas!

"Wuƙa! Kai, ruga ka yanka!"

Na zabura da jallabiyata, tiyon ban-ruwa ya harɗe ni, na kife cikin taɓo. Abokina ne ya yanka. Ina kwance na ji Baba ya ɓarke da kirari: "Sai ni mai kwana a dawa! Na shiga daji, kura ta kwana da yunwa!" Ya ɗaga hannu sama yana girgizawa, kuma na daman ne. Tun da aka yi masa aiki bai ɗaga shi haka ba. Shi bai ma lura ba, ni ne na gani, har hawaye ya haɗe min da taɓo.

Da kansa ya feɗe zomon, ya cire cinya, ya kira yarinyar ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce in gaya mata a dokar maharba mai makami yana da cinya. Ta hana a sa ta a tukunyar shinkafa, daban aka gasa mata.

Ranar Lahadi na fito zan tafi aiki, na tarar da shi a bakin ƙofa, ya kafa hula. Na ce, "Baba, ina zuwa?"

"Wajen mai murɗa hannun nan. Bindigar yarinya ma sai da hannuna ya yi rawa. Wannan ai abin kunya ne."

Bai ƙara fashi ba har ya koma gida, da hannu mai lafiya.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga duk wa'azina a kan lafiya ne, shi kuwa ba lafiyar ce damuwarsa ba. Abin da zai yi da ita yake nema. Ni ɗansa na kasa ganin haka, sai da wata 'yar Balarabe da ba ta jin ko "sannu" ta riƙe masa kumatu. Har gobe in muka yi waya, kafin ya tambayi 'ya'yana sai ya ce, "Ina malamata? Tana lafiya?"