Abin da Ke Riƙe Zanen Yaya

Yayana ne ya koya mini rubuta manhaja, tun muna gidanmu na Zongon Sokodé, kafin aiki ya kai shi Dapaong ya zauna can da iyalinsa. Tare muka yi wa wata ƙungiyar fataken shanu ƙaramar manhaja ta waya. Duk ranar kasuwa wakilinsu na kara, wato kasuwar shanu, yakan shigar da yawan dabbobin da suka shigo, ita kuma ta zana layi mai hawa da sauka, mutum ya ja da yatsa ya ga yadda bara ta kasance, ya san lokacin da ya dace ya kawo nasa. Ajiye bayanai ne rabona. Zanen kuwa na Yaya ne, shi ya rubuta shi tun daga tushe. Shi ne kuma aikinsa na ƙarshe kafin ciwon sukari ya taɓa masa ido.

Da shekaru suka tara bayanai, sai zanen ya fara nawa. Alhaji, shugaban ƙungiyar, wanda shi ma a Dapaong yake, ya kira ni wata safiya.

"'Yata, abin nan naku ya zama tsohuwar saniya. Ka ja, ka ja, ba ta tashi. Mutane sun fara cire shi daga waya."

Na buɗe a kwamfutata, na ga yana gudu lafiya lau. Na ɗora wa rezo, wato sabis ɗin waya, laifi, Alhaji ya ce ko a tsakiyar gari haka yake. Wani abokin sana'ata da na nuna wa bai ma tsaya dubawa ba, ya ce in zubar da zanen gida in ɗauko na shirye, irin wanda kowa ke amfani da shi. Maganarsa ta zauna mini a ƙirji, don ni ma abin da nake tsoro ke nan. Da wane baki zan gaya wa mutumin da ba ya iya ganin fuskar kwamfuta cewa za a share abin da ya bari?

Na kira Yaya ina ta kewaye-kewaye. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Auta, kin auna ko zato kike yi?"

Na ce ban auna ba.

"To zato zunubi ne. Ɗauko kwamfutarki ki zo. A kan wayar Alhaji za mu gwada, ba a kan taki ba."

Na shiga mota da sassafe. Muka wuce Bafilo, muka wuce Kara da Mango, ni dai ban ga komai a hanya ba, ina ta shirya kalmomin da zan lallashe shi da su.

Washegari da hantsi Alhaji ya aiko da wayarsa, tsohuwa ce, gefenta duk ya kankare. Muka zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Na haɗa wayar da kwamfuta da kebul, na buɗe ma'aunin da masu sana'armu ke kira furofaila. Aikinsa shi ne ya bi manhaja tana gudu, ya lura da inda kowane ɗan lokaci ya tafi. Na danna ɗauka, na ja zanen da yatsa, ya cije, ya saki, ya sake cijewa. Na tsayar. Sai sanduna masu launi suka fito a kwance, wata kan wata, kowace da sunan aikin da take wakilta. Mai faɗi ita ta ci lokaci.

"Karanta mini," in ji Yaya. Ya karkato da kunne wajena.

Ban fara da mai faɗin ba. Sunayen da ya raɗa wa ayyukansa na shiga nema. Na samu mai jan layi, na samu mai shafa launi. Sirara ne kamar tsinken tsintsiya, sai da na buɗa hoton sosai kafin in iya karanta su.

"Yaya, naka ba su ci komai ba."

"Kar ki yi mini kara. Wace ce babbar?"

Na duba. Wata sanda ce ta shimfiɗe kusan daga gefe zuwa gefe, sunanta kuma ba namu ba ne. Na karanta masa harafi-harafi. Sai ya buga cinya.

"Watannin Alhaji!"

Nan take na tuna. Tun farko Alhaji ya ce fatake ba sa lissafi da watan Bature, da Layya da azumi suke auna kasuwa, don haka a sa watannin Musulunci a ƙarƙashin zanen. Muka ɗauko wani guntun aiki na shirye mai juya kwanan wata, muka liƙa, kowa ya ji daɗi. Ashe duk motsin yatsa, sai ya koma ya juya kwanan watan kowace ranar kasuwa tun daga ranar da aka fara, alhali sunaye ƙalilan ne ke bayyana a fuskar waya. Da bayanan ba su da yawa, ba wanda ya ji nauyinsa. Kwamfutata kuma ƙarfinta ne ya ɓoye mini.

Dariya ta kama ni har da hawaye. Matar Yaya ta leƙo daga madafa tana tambaya ko lafiya.

Gyaran bai kai mu azahar ba. Yaya na faɗa ina rubutawa: a juya kwanan wata sau ɗaya lokacin da aka shigar da shi, a ajiye, zanen ya riƙa ɗauko wanda zai nuna kawai. Na sake ɗauka. Sandar nan ta tsuke har sai da na neme ta. Na kama yatsansa na ɗora a kan wayar, ya ja hagu, ya ja dama.

"Yana bina?"

"Yana binka, Yaya."

Ya jingina da bishiya ya sauke numfashi mai tsawo. A nan ne ya gaya mini tun ranar da na kira shi abinci bai yi masa daɗi ba. Shi ma ya ɗauka laifin zanensa ne, ya ce in zo ne don in dai za a share, a share yana zaune.

Bayan la'asar Alhaji ya zo karɓar wayarsa. Ya ja zanen ya koma da shi har Layyar shekarun baya, ya dawo, ya sa mana albarka, sannan ya zauna shan shayi. Cikin hira ya ce da yawa daga mutanensa ba sa karanta boko, layin kawai suke kallo. Yaya ya ajiye kofi ya ce me zai hana manhajar ta riƙa faɗa da baki, da Hausa da Fillanci. Suka kama gardamar muryar wa za a ɗauka, Alhaji na cewa tasa ta fi kauri. Na yi niyyar juyawa Sokodé washegari, amma sai da na ƙara kwanaki, muna tsara wannan sabon aikin.