Noeline da Namijin Holi

Duk wanda ya taɓa hawa hanyarmu ta Kallista ya san shingen Noeline Treloar. Itatuwan holi ne reras, daga bakin ƙofa har gangaren rafi, ganye na sheƙi kamar an shafa masa mai, kowanne da ƙaya a baki. Ni, Merv, maƙwabcinta ne tun ina da gashi a ka, kuma ina faɗa da babbar murya: duk tsaunin nan babu mai hannun shuka irin nata. Wanda ya musa ya zo mu zauna.

Mace ce 'yar firit, ga baki. Idan holin wani ya yi baƙi kamar gindin tukunya, wurinta ake zuwa. Sai ta juya bayan ganyen ta nuna maka ƙananan ƙwarin da suka manne suna tsotso. "Ga ɓarayinka nan. Ruwan sabulu da ɗan mai, ka wanke su kamar kunnen jikanka." In kuwa ganye ya yi rawaya yana zuba, ta tura yatsa cikin ƙasa ta harare ka: "Itace ka dasa ko kifi kake kiwo? Rage ruwan nan!" Ni kaina na sha wannan harara har na ƙoshi.

Mijinta Clarrie ne ya dasa mata shingen a shekarar aurensu, kuma duk mata ne. Holi yana da mace da namiji. Macen ke 'ya'ya, amma sai da namiji a kusa, ƙudan zuma su kwaso mata garin furensa. Namijin nasu guda ne, dogo, a bayan kicin, ba ya ba da komai sai inuwa. A ƙarƙashinsa Clarrie ke wuni yana gyaran injin yankan ciyawar da bai taɓa gyaruwa ba. Da ya rasu aka ƙone gawarsa, a gindin itacen Noeline ta zuba tokar.

Matsalar ita ce 'ya'yan. Da sanyin Yuni ya kama, don mu nan Yuni da Yuli ne hunturunmu, sai su yi ja wur, manyan tsuntsaye su haɗiye, su je su kasayar da ƙwayar cikin daji. Holi kuwa in ya samu daji ba ya san kunya, yana toshe ko'ina ya kashe tsirran ƙasar. Muna da ƙungiya, duk Asabar mu shiga daji muna tumɓuke shi, ƙaya na yi mana zane. Shugabarmu Glenys, wadda ba ta iya rufa-rufa ba, ta tari Noeline a bakin ƙofa.

"Noel, shingen nan naki shi ke shuka mana aiki. Dole a sare shi."

"A sare miki kai dai," in ji Noeline. "Shingena ba zai faɗi ba. Dajin kuma, na yi miki alkawari, ba zai ƙara ganin ƙwayata ko ɗaya ba."

Na ɗauka cika baki ne. Ashe! Daga shekarar, da kaka ta shigo sai ta jingina tsani, ta bi reshe-reshe tana tsinke 'ya'yan tun suna kore, kafin tsuntsu ya waiwaye su. Safar hannu ba ta bari a kama ƙananan, don haka da hannu tsirara take yi. Ka ga yatsunta sai ka kau da kai. 'Yan rassa kaɗan take rufewa da raga su nuna, don ado a walimar Kirsimetin da muke ƙarawa cikin sanyin Yuli a zauren gari. Shekaru ta yi a haka ba fashi, har Glenys ta koma kawo mata biredin ayaba.

Tsufa dai ba ya sallama. Wata kaka tsanin ya zame, ta karye a ƙugu, ta yi watanni a asibiti. Mun ce za mu tsinke mata, muka yi ta "sai Asabar mai zuwa" har shingen ya yi ja, tsuntsaye suka yi biki. Shekara na zagayowa bakin rafi ya cika da 'yan holi. Babu wanda ya gaya mata. Ita ta dogara sanda ta gangara ta gani da idonta.

Da safe ta leƙo ta kan katanga. "Merv, zo da zarton injin nan naka, da gwangwanin maganin kashe itace."

Na ɗauka shingen za ta sa a sare. Na kira Glenys muka tafi tare. Glenys ta ce, "Haba Noel, bar shingenki. Bana mu za mu hau tsanin."

"Ku? Na ga hawan da kuka yi bara. To in na mutu fa? Wanda zai sayi gidan shi zai tsaya ƙaya na cin sa?" Ta nuna bayan kicin da sandarta. "Ba shingen za ka sare ba. Wancan ne."

Namijin take nufi. Gaskiyarta ce, domin mun riga mun share sauran mazan holi a unguwar, wannan kaɗai ya rage, kuma ba wanda ya iya buɗe baki a kansa. In ya tafi, matan za su tsaya kore shar, ba ƙwayar da za ta tsira.

Na ce, "Noel, Clarrie fa yana gindinsa."

"Na fi ka sanin inda na ajiye mijina. Ni ya dasa wa shingen nan. Da za ka tambaye shi, cewa zai yi a kayar da shi a bar min su. Ta da injin, kada ka sa ni kuka a gaban Glenys."

Na sari itatuwa a rayuwata, amma ban taɓa jin hannuna ya yi nauyi irin na ranar ba. Itacen ya yi ƙara ya kwanta a kan ciyawa, haske ya cika tagar kicin.

Holi yana da taurin rai. In ba a shafa wa kututturen magani nan take ba, sai ya sake tohowa ya fi da. Glenys ta miƙa hannu za ta ɗauki burushi, Noeline ta buge hannun. Ta ba ni sandarta, ta kama kafaɗata ta durƙusa da ƙyar a kan ƙugun nan mai ciwo. Ta tsoma burushin, sannan ta ɗago ta dube mu.

"Ku juya bayanku."

Muka juya. Glenys, mai bakin nan, hawaye take sharewa da hularta. Ni kuwa na kafa wa shingen ido, ina jin tafiyar burushin a kan ɗanyen itace, a hankali, tana bin gefe-gefe don kada ta bar inda zai toho.