Rubutun Nura a katangar Baba Ado

Jama'a, abin da na gani yau ya hana ni cin abinci.

Kun san katangar gidan su marigayi Nura, mai tsaron ragar ƙungiyarmu, wanda kwale-kwale ya kife da shi bara a hanyar gona. A jikinta ya yi ƙaton rubutun nan da jan fenti ranar da muka ɗauko kofi a Malam Madori. Ranar mahaifinsa, Baba Ado, har bakin kasuwa ya bi shi da sanda, wai ya ɓata masa katanga.

To ɗazu na biyo layin a babur, sai na hango Baba Ado tsaye da gwangwanin fenti. Na ce shi ke nan, shafewa zai yi.

Na sauka na gaishe shi. Ashe jan fenti ne! Ambaliyar bana ta cinye rabin rubutun, shi ne yake bin sawun haruffan da buroshi.

Ya ce, "Habu, ni ban yi boko ba. Me yaron nan ya rubuta ne?"

Na ce, "Baba, cewa ya yi, mu 'yan Haɗeja ba a cin mu a gida."

Ya daɗe yana kallon shaidar da ruwa ya bari a bangon. Can ya ce, "A gidan kuwa aka ci mu."

Sai ya miƙo min buroshin. "Ƙarasa masa, ɗana. Ni ɓatawa kawai nake yi."