Kilishin da Ke Saman Silin

Mu biyar ne a gidan haya a unguwar Abu Hail, can ƙasar Larabawa, kuma doka ɗaya gare mu: duk wanda tsaraba ta zo masa daga gida, sai ya baje ta a faranti kowa ya sa hannu. Wani dogon ɗan Nijar da ke ɗakin kusa da nawa ya fi kowa saurin hannu, amma tasa tsarabar ba ta taɓa isowa ba. Kullum wai ta maƙale a kago, wajen masu jigilar kaya.

Da mahaifiyata ta aiko mini da dambun nama, ina wurin aiki ya buɗe ya cinye tas. Shi ne na ƙarshe da ta yi kafin ciwo ya kama hannuwanta. Na tarar da shi yana suɗe yatsu, ya ce mini ai doka ce. Na ƙullace shi a raina.

Akwai wata 'yar ƙofa a silin ɗin falo, shi kaɗai ke kaiwa idan ya taka kujera. Ni gajere ne, amma hancina lafiyarsa ƙalau. Daga can ƙamshin kilishi ke saukowa.

Na nemi izinin mai gida, na sayo tsanin nan mai naɗewa da ake ɓoyewa a cikin silin. Ranar da dogon ya fita, na faɗaɗa ƙofar da zarto, wani ɗan Gana da ke ɗakin baya ya tallafe mini katakon ina ɗaure kusoshi. Ƙura ta cika mini ido, ƙafar tsanin ta yi tsawo sai da na rage ta. Ban leƙa ciki ba, don shaidu nake so.

Bayan sallar Juma'a kowa yana gida, na sa ƙugiya na jawo, tsani ya sauko. Na roƙi dattijon cikinmu ya fara hawa ya sa albarka. Ya sauko rungume da kilishi ƙunshi-ƙunshi.

"Alhamdu lillahi, kago ya iso," in ji dattijon. "Yalla, maza a kawo faranti."

Dogon ya matso gaban farantin. Na zauna daf da shi ina tauna a hankali, idona cikin nasa. Da ya rage yanki ɗaya ya miƙa hannu, na riga shi.

"Ai doka ce, habibi," na ce masa.

Kilishin ya yi daɗi, amma bai kama ƙafar dambun mahaifiyata ba.