Keken Auta a Ɗakin Kayan Shaida

Mai Zare kowa ke kiranta a layinsu, saboda ɗan shagonta na zare da maɓallai a bakin titi. Ita ta raini ƙanwarta Auta bayan rasuwar iyayensu, ita ta kai ta koyon ɗinki, ta kuma saya mata keken ɗinki. Shago ɗaya suke wuni, yaya tana ciniki a gaba, ƙanwa tana taka keke a ciki, suna hira ba tare da sun kalli juna ba.

Ranar da 'yan fashi suka shiga gidansu, Mai Zare tana asibiti wajen jinyar maƙwabciya. Suka kwashe abin da suka samu, har da kan keken da Auta ke komawa gida da shi, ɗaya daga cikinsu kuma ya yi mata fyaɗe. An kama shi yana neman mai sayen keken. Auta ta tsaya gaban alƙali ta faɗi komai, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ba a jima ba lauyansa ya ɗaukaka ƙara. Auta ta haɗa kayanta ta tafi wurin goggonsu a wani gari, ta ce ba za ta dawo ba sai shari'a ta ƙare.

Keken ma bai dawo ba, domin ba a sakin kayan shaida sai an gama ɗaukaka ƙara. Yana ajiye bisa wata kanta a wani ɗaki bayan kotu, tsakanin tsohuwar talabijin da tarin adduna, da takarda ɗaure a wuyansa.

Duk ranar zama Mai Zare takan rufe shago, ta sa kwalbar man keke a jaka. Kafin ta shiga kotu sai ta biya ta wurin dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin.

"Mai Zare, yau ma an zo gaida ɗan lelen?"

"Baba, ɗan ɗigo kawai, kada ya yi tsatsa."

"Ni da gwiwata ke ƙara tun bara, ko sau ɗaya ba ki kawo mini mai ba."

Ba a yarda ta taɓa ba, saboda haka shi ke ɗigawa, ita tana bakin ƙofa tana cewa, "Ba nan ba, Baba, ƙasan allura."

Zama ya yi ta ɗaguwa. Yau takardun kotun farko ba su iso ba, gobe alƙali ɗaya ba shi da lafiya. Ba ta gane gardamar lauyoyi. Kunnenta na jiran ranar da za a sake sawa ne kawai. A shago kuwa, takan juya ta fara ba da labari, sai ta ga kujera babu kowa.

Daga ƙarshe alƙalan suka yi watsi da ƙarar, suka tabbatar da hukuncin. Tun a harabar kotu ta buga waya.

"Auta, an gama! Yaushe zan tare ki a tasha?"



"Yaya, Allah ya saka miki. Amma ba kotu ce ta hana ni dawowa ba. Ƙofar ɗakinmu ce. Ko ido na rufe, ita nake gani."

"To me ya sa kika ce mini sai shari'a ta ƙare?"

"Don kada ki ji kamar ke na guda."

Mai Zare ta zauna a kan dakalin kotu har masu shara suka zo. Washegari ba ta buɗe shago ba, ta nufi wurin dillalin gidaje.

"Ciki da falo nake so, nesa da layinmu. Taga ta kalli mutane."

"Ke da aka haifa a gidan nan, yanzu za ki tashi?"

"Kai dai ka nemo. Akwai wadda zan kai ta gani, in ta yarda ta zo."